Hattara Da Dillalan Ƙoda

Wata muguwar sana'a ta kunno kai a garuruwanmu, kuma masu yin ta ba su da shago balle allon talla. A harabar asibiti suke yini, kusa da ɗakin wankin ƙoda, suna lura da wanda ya sauko daga babbar mota, da iyalin da fuskokinsu suka nuna kuɗin wanki ya fara gagararsu. Da yamma kuma sai ka gan su a tasha, ko teburin mai shayi, ko gidan kallon ƙwallo, suna laluben saurayin da bashi ya yi wa katutu. Aikinsu shi ne haɗa mutum biyu: mai halin da ƙodarsa ta mutu, da talakan da bai mallaki komai ba sai lafiyar jikinsa. Su karɓi la'ada nan, su karɓa can, su kaɗe rigarsu su yi gaba. Abin da ya biyo baya ba ruwansu.

Kada wani ya ɗauka labarin Indiya ko Masar nake bayarwa. A ƙarshen shekarar 2023 jaridar Daily Trust ta buga binciken da ta yi a Abuja, inda ta gano samari daga unguwannin bayan gari, irin su Mararraba, waɗanda aka cire wa ƙoda aka sallame su da abin da bai wuce naira miliyan ɗaya ba. Bayan fitar labarin, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ta gurfanar da wasu a kotu a 2024. Miliyan ɗaya! Kuɗin da a yau da ƙyar zai sayi babur, shi ne farashin sashen jikin da Allah ya halitta wa mutum tun yana cikin mahaifiyarsa.

Kasuwa ba ta ci sai da masu saye, kuma masu saye suna ƙaruwa. Hawan jini da ciwon suga suna cin ƙodar mutanenmu a hankali ba tare da sun sani ba, ga shan magungunan kashe ciwo barkatai, ga jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Mutanen Gashuwa da kewayenta a Jihar Yobe sun daɗe suna kukan yadda ciwon ƙoda ke ɗauke musu jama'a. Wanda ƙodarsa ta daina aiki, ƙa'ida ita ce a yi masa wanki sau uku a mako, kowane zama kamar awa huɗu, kowane zama kuma da kuɗinsa. Gona ta tafi, fili ya tafi, sarƙar uwargida ta tafi, sai a koma sau biyu, sai sau ɗaya, sai ranar da aka samu. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan ciwo ya san dalilin da ya sa kalmar dashe take shiga kunne da daɗi.

Dashen kansa kuwa alheri ne, kada a yi mini mummunar fahimta. Tun shekarar 2000 aka fara yin sa a Nijeriya, a asibitin St Nicholas da ke Legas. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002, na Jami'ar Maiduguri kuma a 2010. Akwai mutanen da ɗan'uwa ya ba su ƙoda suka tashi daga gadon wanki suka koma kasuwa da ofis, wasu matan har suka haihu. Ƙodar da aka samu daga rayayyen mutum, in an dace, tana iya yin shekara 15 zuwa 20 tana aiki. Amma duk wannan nasara a kan abu ɗaya ta tsaya: tantancewa. Wa ya cancanci a dasa masa, wa ya cancanci ya bayar, kuma jikin wannan zai karɓi na wancan? Wannan tantancewar ce dillali yake ci da rusa ta.

Mutane da yawa suna kallon ƙoda kamar kayan gyaran mota a kasuwar Ƙofar Ruwa: ka je da tsohuwa a hannu, a duba lamba, a ba ka wata, bakanike ya ɗaura. Jikin ɗan Adam bai san wannan ba. Yana da sojojin da aikinsu dare da rana shi ne farautar baƙo, kuma ƙodar wani baƙuwa ce, ko da ta mahaifi ce. Shi ya sa likitoci suka yi shekaru suna gwada dashe yana rushewa, sai ranar 23 ga Disamba 1954, da Dakta Joseph Murray ya yi nasara a birnin Boston na Amurka. Sirrin nasarar shi ne mai bayarwa da mai karɓa, Ronald da Richard Herrick, tagwaye ne masu kama ɗaya, jikin ɗaya bai ga baƙo a ƙodar ɗayan ba. Richard ya ƙara shekara 8 a duniya. Sauran jama'a da ba su da Hassan ko Husaini sai da suka jira aka samo magungunan da ke kwantar da sojojin jiki, da gwaje-gwajen da ke nuna wa zai dace da wa.

Matakin farko rukunin jini ne, kuma shi ne mafi sauƙi. Mai rukunin O yana ba kowa, amma ba ya karɓa sai daga O ɗan'uwansa. Mai AB yana karɓa daga kowa. Mai A daga A ko O, mai B daga B ko O. Alamar nan ta "fositif" da "negetif" da ake damuwa da ita wajen ƙarin jini ba ta hana dashen ƙoda. Dillali yana son wannan mataki, don yana da arha kuma kowa ya san shi. Sai ya zo wa Alhaji da 'yar takarda daga ɗakin awon jini na bakin titi, ya ce, "Ranka ya daɗe, an samu. Jininku ɗaya." Iyali su yi hamdala, a fara zancen kafin alƙalami. Alhali ko ƙofar gidan ba a shiga ba.

Bayan rukunin jini akwai wani tambari da ke jikin ƙwayoyin halittar kowane mutum, likitoci suna kiran sa HLA. Da shi sojojin jiki suke gane na gida da baƙo. An saba ƙirga guda shida, uku daga uwa, uku daga uba. Saboda haka ɗa da mahaifinsa, ko 'ya da mahaifiyarta, kullum rabi suke haɗawa. Shaƙiƙai kuma, uwa ɗaya uba ɗaya, lissafinsu daban: kashi ɗaya cikin huɗu su dace gaba ɗaya, kashi biyu cikin huɗu su haɗa rabi, kashi ɗaya cikin huɗu kuma su zama ba abin da ya haɗa su ta wannan fuska, duk da nono ɗaya suka sha. A gidajenmu na mata biyu da uku, 'yan uba ba su kai shaƙiƙai kusanci ba. Da magungunan zamani ana yin dashe ko da tambarin bai dace sosai ba, miji ya ba mata, aboki ya ba aboki, amma iya dacewar tambari, iya daɗewar da ake sa ran ƙodar za ta yi.

Gwaji na uku shi ne alƙali. Ana ɗiban ruwan jinin majinyaci a gauraya shi da fararen ƙwayoyin jinin mai bayarwa, a zuba ido. In ruwan jinin ya far wa ƙwayoyin ya kashe su, magana ta ƙare: jikin majinyacin ya riga ya tanadi makami musamman don wannan mutum. In aka yi taurin kai aka dasa, ba sai an jira kwanaki ba. Likita zai ɗinke jijiyoyi, ya saki jini ya shiga sabuwar ƙoda, ta yi jajir kamar za ta kama aiki, cikin mintoci kuma ta fara dusashewa, ta yi shuɗi-shuɗi, ta saki jiki a hannunsa. Dole a ciro ta tun majinyaci bai farfaɗo ba. Wancan saurayin da ke ɗaya gadon ya rasa tasa har abada, wannan kuma bai samu komai ba sai yanka da ƙarin sojojin da za su sa dashe na gaba ya fi wuya.

Irin waɗannan makamai ba haka kawai jiki yake ƙera su ba. Abu uku ke jawo su: ƙarin jini, ɗaukar ciki, da dashen da aka taɓa yi a baya. Duba yadda biyun farko suka shafe mu. Majinyacin ƙoda a nan ba ya rabuwa da ƙarancin jini, kuma da yake allurar ƙara jini tana da tsada, leda ake ta ɗaura masa, kowace leda kuwa daga jikin wani mutum dabam. Mace kuma da ta haifi bakwai ko takwas, kowane ciki ya gabatar wa jikinta da tambarin mijinta. Sai ka ga matar da mijinta da 'ya'yanta suke rububin ba ta ƙoda, gwaji ya nuna su ne jikinta zai fi saurin ƙi. Wannan ba abin da dillali zai gano ba ne da takardar rukunin jini. Kuma sakamakon gwajin yana canjawa, shi ya sa ake maimaita shi dab da ranar tiyata.

Shi ma majinyacin sai an auna shi, kuɗinsa ba ya sa ya cancanta. Wanda ke ɗauke da sankarar da ba a gama maganinta ba, ko tarin fuka da bai warke ba, ko wani ƙurji mai ruɓa a ƙafa, in aka danne masa garkuwar jiki an buɗe wa cutar ƙofa ne. Wanda zuciyarsa ta yi rauni ba lalle ya tashi daga teburin tiyata ba. Sannan ga tambayar da iyalai ba sa son ji: bayan an dasa, wa zai riƙa sayen magani? Takrolimus da maikofenolet da firednisolon ba na wata uku ba ne, na muddin ƙodar tana jiki ne, safe da dare, ga awon jini a kai a kai. An sha ganin wanda aka yi wa gidauniya a masallaci da rediyo, aka haɗa kuɗin aiki da ƙyar, bayan shekara guda kuɗin magani ya yanke, ya fara tsallake kwana, ƙodar ta tafi. Asibitin kirki yana zaunar da iyali ya yi musu wannan lissafi tun kafin a taɓa wuƙa. Wanda bai yi ba, kuɗin aikin kawai yake hange.

Yanzu mu juya ga wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato mai bayarwa. Shi ne mutum ɗaya tilo a asibiti da ake yanka alhali lafiyarsa ƙalau, don haka nasa binciken ya fi tsanani. Dole ya kai shekara 18 kuma ya san abin da yake yi. A auna jininsa ba sau ɗaya ba, a duba suga, a duba fitsari ko yana zubar da sinadarin gina jiki ko jini, a auna ƙarfin aikin ƙodojinsa, a ɗauki hoton cikinsa a ga ko biyun ne da shi, domin akwai masu zuwa duniya da guda ɗaya ba su sani ba. A duba tsakuwa, a duba ciwon hanta da ƙanjamau, a tambayi tarihin gidansu: wa ya mutu da kumburin ƙafa, wa ke shan maganin suga. Sannan wani wanda ba ya cikin masu jinyar majinyacin ya keɓe da shi ya tambaye shi, tsakani da Allah, ko matsa masa aka yi, ko an yi masa alkawarin wani abu. Yana da damar ya fasa ko da an sa masa rigar tiyata.

Ga yadda dillali yake shirya yaronsa kafin wannan zama. A ɗakin otal ne, ko bayan mota. "Ka ji ko, ƙanena? In likita ya tambaye ka, ka ce Alhaji ƙanin babarka ne, a gidansa ka tashi. In ya ce kana shan wani abu, ka ce ko goro ba ka ci. Kada ka kuskura ka ambaci ciwon babanka. Shekarunka ashirin da huɗu, ga takardar rantsuwa daga kotu." Yaro ya gyaɗa kai, ya haddace. Wani lokaci har ƙwayar saukar da hawan jini ake ba shi da safen ranar awo. Kowace ƙarya a cikin waɗannan, katanga ce aka rushe wadda aka gina don kare shi kansa yaron. Mahaifin da aka ce kada ya ambata, mai yiwuwa ciwon ƙoda ne ya kashe shi, kuma mai yiwuwa yaron ya gada.

Maganar gado a nan ba ƙarama ba ce. A shekarar 2010 masana suka gano cewa wasu nau'o'i na ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda suka yawaita a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma da zuriyarsu, suna ƙara haɗarin mutuwar ƙoda ga wanda ya gaje su ta uwa da uba. Saurayi ɗan shekara 20 yana iya cin duk gwajin yau, ciwon kuma yana jiran sa a shekara 40. Likitan da ya san aikinsa ya fi ɗar-ɗar da matashi a kan dattijo mai shekara 50 da lafiyarsa ta riga ta nuna kanta. Dillali kuwa matasa yake nema, don su ne yunwa da dogon buri suka fi kaɗawa.

Ana gaya musu wai ƙoda ɗaya ce ke aiki, ɗayar barci take yi. Ƙarya ne, duka biyun suna aiki. A Nepal har cewa aka riƙa yi wa mutanen ƙauye wadda aka cire za ta sake tsirowa. Gaskiyar ita ce wadda ta rage tana ƙara girma ta ɗauki kamar kashi 70 cikin ɗari na aikin da biyun suke yi, kuma wanda aka tantance da kyau, ake bibiyar lafiyarsa duk shekara, yana rayuwarsa lafiya. To wa ke bibiyar wanda ya sayar? Kwana kaɗan za a sallame shi, a ce kada a sake ganin ƙeyarsa. An hana mai bayarwa ɗaukar kaya mai nauyi na makonni, shi kuwa dako ne abincinsa, ko turin baro, ko kwaɓa siminti cikin zafin rana ba isasshen ruwan sha. Gefen ciki ya dame shi, ya je kemis a haɗa masa diklofenak da ibuprofen, magungunan da aka fi gargaɗin mai ƙoda ɗaya a kansu. Ba zai koma asibiti ba, don ya san abin da ya yi laifi ne.

Kuɗin fa? An bi sawun wannan a birnin Chennai na Indiya, aka buga sakamakon a 2002. Cikin mutum 305 da suka sayar da ƙodarsu, kusan dukkansu don biyan bashi suka yi. Bayan kimanin shekara shida, kashi uku cikin huɗu suna nan cikin bashi, abin da ke shigowa gidajensu ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, kuma kashi 86 cikin ɗari sun ce lafiyarsu ta ja baya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, sai dai ni ban ga kwaɗayi a wurin yawancin yaran nan ba. Talauci na gani, da wanda ya zo ya yi kiwonsa.

Mai saye shi ma kada ya ɗauka ya tsira. Yaron da aka koya wa ɓoye ciwon babansa zai ɓoye nasa. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin ƙoda su shiga sabon jiki, jikin da aka riga aka kwance wa garkuwa da magani. Masu zuwa ƙasashen waje ta hannun 'yan kamasho sukan dawo da ɗinki yana ruwa, ba cikakken rahoton aiki, ba sakamakon gwajin haɗa jini, likitan gida ya rasa ta inda zai kama. A Disamba 2016 hukumomin Masar suka kama mutum 45, da likitoci da ma'aikatan jinya a cikinsu, kan cinikin sassan jiki, kuma Masar tana cikin wuraren da mutanenmu suka fi zuwa neman magani.

In ciwo bai tsorata mai hali ba, to ya tuna da Sanata Ike Ekweremadu, wanda ya yi shekara 12 yana mataimakin shugaban Majalisar Dattawa. A lokacin 'yarsa na fama da ciwon ƙoda, abin tausayi ga kowane uba. Aka samo wani saurayi ɗan shekara 21 mai tallar kayan waya a Legas, aka kai shi Landan a 2022, aka gabatar da shi a asibitin Royal Free a matsayin ɗan'uwanta. Likitan da ya zauna da shi ya lura yaron bai fahimci abin da ake shirin yi masa ba, ya ce ba za a yi ba. Daga baya yaron ya gudu, ya kwana a titi, ya kai kansa ofishin 'yan sanda. A watan Mayu 2023 kotu ta ɗaure Sanatan shekara 9 da wata 8, matarsa shekara 4 da rabi, likitan da ya yi dillancin kuma shekara 10. Ba na'ura ce ta ceci yaron nan ba, tambayoyi ne, irin waɗanda dillalanmu suke koya wa yara tsallakewa. A gida ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, dokar hana safarar mutane ta 2015 kuma ta tanadi ɗauri ga mai hannu a ciki. Malamai ba su bar wata kafa ba: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta bayar da sashen jiki bisa sharuɗɗa, ta kuma haramta sayar da shi.

Akwai wani nau'in cinikin da ba a kiran sa ciniki, kuma shi ya fi kusa da mu. Attajirin dangi ya kwanta, sai a yi taron gida, idanu su sauka a kan ɗan ƙanin da ake biya wa makaranta, ko yaron shago, ko amaryar da ba ta da bakin musu. Ba wanda ya ambaci kuɗi, amma kowa ya san abin da zai biyo bayan "a'a". A ce masa, "Haba ɗana, duk abin da Baffanka ya yi maka?" Wannan tilas ne da rigar zumunci. In yaro ya shiga wurin likita ya fito aka ce bai dace ba, a bar maganar a nan, kada a bi diddigi. In kuma mai niyya na gaskiya ne jininsa bai dace ba, a tambayi likita zancen musaya, inda iyali biyu ke canjin masu bayarwa, hanyar da aka fara a Koriya ta Kudu tun 1991.

Masu jinya, ku yi magana da likitan ƙoda kai tsaye, a asibitin da hukuma ta amince ya yi dashe, ba ta bakin wani ɗan tsakani ba. Ku nemi ganin sakamakon gwajin haɗa jini da idonku. Duk wanda ya ce muku yana da mai bayarwa a hannu, ko zai gama komai cikin mako guda, ku nesanta shi da majinyacinku. Limamai da masu unguwanni, ku faɗi wannan a kan mumbari da wajen ɗaurin aure, don yaran da ake farauta ba sa karanta mujalla. Kai kuma saurayi, ranar da wani ya ja ka gefe ya yi maka tayin kuɗi a kan ƙodarka, kada ka tsaya a kan ƙin yarda kawai. Ka gaya wa iyayenka, ka kai sunansa ofishin NAPTIP ko na 'yan sanda, domin daga wurinka wajen abokinka zai nufa.